Rukuni daban, siffa daban: darasin jera kaya a intanet

A aikin shirya shafin saye da sayarwa, muhawarar da ta fi cin lokaci ita ce ta inda za a ajiye kaya. Wani ya ce a buɗe rukunin "jan takalmi", wani ya ce a ƙara na "takalmin fata", kafin ka ankara bishiyar rukunai ta yi rassa har mai ɗora kaya ya rasa wanda zai kama. Jan takalmin fata na mata, ina zai shiga? Duk inda ka sa shi, ka ɓoye shi ga mutum biyu da suka bi ta sauran ƙofofin.

Ma'aunin da na tsaya a kansa bayan shekaru ina wannan aiki guda ɗaya ne. Idan tambayoyin da zan yi wa mai sayarwa sun canja, to sabon rukuni ne. Idan tambayoyin suna nan yadda suke, amsa ce kawai ta bambanta, to siffa ce. Mai sayar da firiji zan tambaye shi lita nawa yake ɗauka, ƙofa nawa gare shi, wuta nawa yake ci. Mai sayar da takalmi zan tambaye shi lamba, launi da abin da aka yi shi da shi. Saboda haka firiji da takalmi rukunai biyu ne. Amma jan takalmi da baƙi tambaya ɗaya suke amsawa, don haka launi siffa ce, gurbinta na wajen tacewa, inda mai saye ke zaɓar abin da za a nuna masa, ba cikin bishiya ba.

Masu kula da ɗakin karatu sun riga mu shan wannan wahala. Tsarin Melvil Dewey na 1876 ya kasa ilimi gida 10, kowane littafi da lambarsa da kantarsa guda, domin littafin takarda ba ya zama wuri biyu. A 1933 Ranganathan na Indiya ya fito da wani tsari da ke kallon littafi ta fuskoki da dama, a haɗa su a fitar da lambarsa. Akwatunan tacewa da muke dannawa yau a gefen shafi, na girma da launi da kamfani, jikokin wannan tunani ne. Abin mamaki, har yanzu da yawanmu muna gina shafi kamar kanta ce ta katako, alhali kaya ɗaya na iya fitowa ta hanya goma ba tare da an motsa shi ba.

Inda na fi daɗewa ina fama shi ne cike gurbin siffa. Ƙirƙirar gurbin abu ne mai sauƙi, samun mutane su cike shi iri ɗaya ne aiki. Ka ɗauki talabijin. An bar gurbin "girman fuska" a buɗe, kowa ya rubuta abin da ya ga dama. Wannan ya sa 55, wancan ya sa "inci 55", na uku ya auna da santimita ya sa 140, kuma bai yi ƙarya ba, tunda inci ɗaya santimita 2.54 ne. Na huɗu ya rubuta "babba sosai". Sai mai saye ya zo ya tace daga 50 zuwa 60. Na farko kaɗai zai gani. Sauran ukun suna nan a rumbun bayanai, kayansu lafiya lau, amma a wurin wannan mai saye tamkar ba a taɓa ɗora su ba. Shi kuma mai sayarwa yana can yana ƙorafin kasuwa ta yi sanyi.

Haka launi. Idan ka bar shi a rubuta da hannu, shuɗi ɗaya zai zo maka da sunaye iri-iri, da na kamfani masu ƙawa, da kuskuren rubutu. Abin da ya yi mana aiki shi ne gurbi biyu: ɗaya jerin zaɓi ne gajere na manyan launuka, wanda akwatin tacewa ke aiki da shi, ɗaya kuma a buɗe, mai kaya ya rubuta sunan da yake so a gani. Duk abin da lamba ce, a karɓi lamba zalla, ma'auninta kuma a zaɓe shi daga jeri. Takalmi sai an faɗi tsarin wace ƙasa, domin 42 na Turai kusan 8 ne a Ingila. Mota sai an bambanta mil da kilomita, tunda mil ɗaya ya haura kilomita ɗaya da rabi, kuma wannan tazara tana iya sa tsohuwar mota ta yi kama da wadda ba ta sha hanya ba.

Sai dai akwai tarko a nan. Da ka ga amfanin siffofi, sai zuciya ta ce ka tilasta kowane gurbi. Mai sayarwa da ke tsaye da waya a hannu, yana son ya gama ya koma harkarsa, idan ka tare shi da tambaya ashirin na dole, ko dai ya fita, ko ya danna zaɓin farko a kowane jeri don ya wuce. Na biyun ya fi muni. Gurbin da ba a cike ba ka san babu komai a ciki. Wanda aka cike da ƙarya kuwa zai aika mai saye wurin kayan da ba su ba. Ni dai ra'ayina, na dole kada su wuce waɗanda idan babu su mai saye ba zai iya yanke shawara ba, sauran a bar su ga mai so. Ko Google, a tsarinsa na karɓar bayanan kaya daga 'yan kasuwa, amsa uku kawai ya yarda da su a gurbin yanayin kaya: sabo, wanda aka yi amfani da shi, da wanda aka sabunta.

Rukunin "Sauransu" juji ne. Ba a iya rabuwa da shi gaba ɗaya, amma ina leƙa shi a kai a kai, domin abin da ya taru a ciki shi ke nuna rukunin da muka manta, ko wanda muka raɗa wa sunan da mutane ba su gane ba.

Wani abu da ke ɓata shafi a shiru shi ne cakuɗa kaya da kayan haɗinsa. Ka shiga rukunin wayoyi, ka ce a jero daga mafi araha, sai shafuka uku na farko su cika da caja, riga da gilashin kariya. Wasu masu sayarwa da gangan suke yi, don sun san nan ido yake. Maganinsa a raba rukunin kayan haɗi, a ba shi siffar "yana dacewa da", sannan a tilasta wa rukunin waya tambayar da caja ba ta da amsarta, kamar girman ma'adana.

Idan kayan kamfani ne mai lamba, lambar ta fi kowane bayani. Wadda ke ƙarƙashin zanen layukan da ke jikin kwali, mai alƙaluma 12 ko 13, ƙungiyar GS1 ce ke kula da tsarinta, littafi kuma yana da ISBN, wadda ta koma alƙaluma 13 tun 2007. Da ita za ka gane cewa tallace-tallace biyar masu take daban-daban kaya ɗaya ne, ka cike musu siffofi daga wuri guda. Kayan hannu da tsofaffin kaya ba su da wannan gata, su sai hoto mai kyau da tambayoyi masu ma'ana.

Sunan rukuni kuwa, na daina ɗaukarsa daga bakin ma'aikatan ofis ko takardar masu kawo kaya. Ina buɗe rajistar abin da mutane suka rubuta a akwatin bincike, musamman binciken da bai fitar da komai ba. A nan ake ganin kalmar da mai saye ke kiran abu da ita, da siffar da yake haɗawa da ita. Idan mutane suna ta rubuta "keke na ɗan shekara 5", to shekarun yaro siffa ce da ya kamata ta samu gurbi, ko da kamfanin keken girman taya kawai ya rubuta a kwali. Kafin a canja sunan rukuni ko a haɗe biyu, sai an tanadi yadda tsohon adireshin zai kai mutum sabon, in ba haka ba duk wanda ya ajiye mahaɗin ko ya biyo daga injin bincike zai tarar da shafi wayam.