Ranar da Hajiya ta kalli kartun

Asabar, da dare.

Tun asuba ake ruwa a Abuja, irin mai saukowa a hankali, ba iska ba tsawa, wanda kana gani ka san ba shi da niyyar ɗaukewa. Mun shirya kai surukata Hajiya Kubwa gidan ƙanwarta, amma Baban Ummi ya leƙa waje ya ce a bari sai gobe. Haka muka wuni a falo mu biyar kamar kaji a akurki.

Bayan azahar Auta ya ishe ni da rigima, na ce Ummi ta jona kwamfuta da talabijin ta sa musu wani abu. Ta zaɓi Inside Out, kartun ɗin kamfanin Pixar da ya fito a 2015. Na sha jin ƙararsa daga kicin, ban taɓa zama na bi shi ba. Yau ma niyyata in samu awa ɗaya da rabi in tsince wake cikin kwanciyar hankali.

Hajiya na kan darduma da carbinta. Da aka fara ta ce, "Ku dai 'ya'yan zamani ba ku da aiki sai kallon 'yan aljanu." Ba a yi minti goma ba ta gyara zama ta ce da ni, "Wannan shuɗiyar mai tabarau, me aka yi mata take ta langaɓewa haka?" Daga nan na zama tafinta, wake ya koma gefe.

Labarin wata yarinya ce Riley, 'yar shekara 11, da iyayenta suka tashi daga Minnesota, jihar sanyi inda take wasan hoki a kan ƙanƙara, suka koma San Francisco saboda aikin babanta. A cikin kanta akwai wasu halittu biyar zaune gaban wani allo mai maɓallai, su ke juya ta. Sai da na yi musu suna da Hausa kafin Hajiya ta bi: Farin Ciki, Baƙin Ciki, Tsoro, Fushi da Ƙyama. Duk abin da ya faru da yarinyar sai ya zama ɗan ƙwallo mai sheƙi a ajiye, launinsa ya nuna wanda ke riƙe da allon a lokacin. Na Farin Ciki ruwan ɗorawa, na Baƙin Ciki shuɗi.

A nan Hajiya ta fara gyara wa Turawa aiki. Ta ce, "Wa ya ce musu a ka suke zaune? Farin ciki ai a ciki yake, sunansa ma ya faɗa." Na yi dariya, amma da na tsaya na auna sai na ga ba ta faɗi ba daidai ba. Mu in tsoro ya kama mutum gabansa ne ke faɗuwa, ko hantar cikinsa ta kaɗa. In fushi ne, zuciya ce ta ɗebe shi. Baban Ummi, da ya kwanta a doguwar kujera yana danna waya kamar ba ya tare da mu, ya ɗago ya ce a kimiyyance duk a ƙwaƙwalwa abin yake. Hajiya ba ta ko kalle shi ba, ɗan fari ne, har yau sunansa ba ta kira. Ta fuskanci talabijin ta ce, "Ranar da aka zo mini da rasuwar Malam, ba kaina ne ya yi ciwo ba." Falon ya yi tsit. Sai da Fushi ya fusata wuta ta tashi a tsakar kansa, Auta ya faɗi ƙasa yana dariya, sannan muka dawo.

Shi Auta abin da ya kwasa ke nan daga fim ɗin gaba ɗaya: jan mutumin nan mai wuta a ka, da wurin da aka ba Riley wani koren ganyen Turawa tana jaririya ta watsar. Shekararsa biyar, ya samu rabonsa, bai nemi ƙari ba.

Rabon Baban Ummi ya zo a wurin cin abincin dare. A fim ɗin, uwar Riley tana yi wa mijinta ido ya tambayi yarinya abin da ke damunta, sai aka leƙa cikin kansa, ashe nasa mutanen biyar duk sun tattara hankali kan kallon wasa, ba su ma ji abin da aka ce ba. Na kalle shi, ya ce, "Ƙarya suke mana." Wayar dai daga nan ya kife ta a ƙirji. Hajiya kuma ta lura da abin da ni ban gani ba: a kan uwar, Baƙin Ciki ce zaune a tsakiya tana jan ragama, a kan uban kuma Fushi. Ta ce, "To, a nan kam sun yi gaskiya."

Ni nawa rabon bai zo da daɗi ba. Akwai inda uwar ta shigo ɗakin Riley da dare, ɗakin ba gado, motar kayansu ba ta iso ba, ta gode mata da ta ci gaba da fara'a, ta roƙe ta su daure su riƙa murmushi saboda baban yana cikin matsin aiki. Ina fassara wa Hajiya sai na ji muryata ta canza. Wata huɗu ke nan da muka baro Zariya. A satinmu na farko na tarar da Ummi a bayan ƙofa tana hawaye, abin da na ce mata shi ne, "Haba Ummi, ke ce babba. Yi haƙuri ki share, kar Babanki ya gani hankalinsa ya tashi." Ta share kuwa. Tun daga ranar ban sake ganin kukanta ba, kuma ni a wautata na ɗauka ta saba ne. Na ma faɗa wa yayata a waya cewa yarinyar nan akwai haƙuri. Sai yau na tuna cewa surutunta ma ban sake ji ba. Yarinyar da in ta dawo daga makaranta sai na ce ta bar ni in ji da kunnena, yanzu "lafiya lau" ce amsar komai.

A fim ɗin har da'ira Farin Ciki ta zana da alli a ƙasa, ta ce Baƙin Ciki ta tsaya a ciki kar ta fito. Ban fassara wannan ba. Na ce Hajiya ta ga ai da idonta.

Wurin da ya kama Hajiya shi ne na Bing Bong, abokin wasan da Riley ta ƙirƙira a ranta tun tana ƙarama, wani mai hancin giwa da jikin alewar auduga, in ya yi kuka alewa ke zubowa. An jefar da amalankensa na wasa cikin ramin mantuwa, ya zauna ya rasa abin da ke masa daɗi. Farin Ciki ta yi ta yi masa cakulkuli da wasa, a banza. Baƙin Ciki ta zo ta zauna kusa da shi kawai, ta ce ta san an raba shi da abin da yake so. Ya rungume ta ya yi kukansa, ya tashi suka ci gaba da tafiya. Hajiya ta ajiye carbi ta ce, "Wannan ta iya zaman makoki. Akwai masu zuwa gaisuwa su cika ka da wa'azi tun kafin ka haɗiye yawu. Wadda na fi tunawa a takabata wata maƙwabciya ce da take zuwa ta zauna, ba ta cewa komai, in la'asar ta yi ta tafi." Shekarata goma sha uku da auren ɗanta, ban taɓa jin ta yi maganar takabarta ba sai yau, albarkacin 'yan aljanu.

Da aka gama, Baban Ummi ya koma wayarsa ya karanto mana cewa mai ba da umarnin, Pete Docter, 'yarsa ce ta kai shekara 11 ta yi shiru haka nan, shi ne ya fara tambayar kansa me ke gudana a kanta. Ya nemi shawarar masana halayyar ɗan Adam biyu, Paul Ekman da Dacher Keltner, fim ɗin kuma ya ci kyautar Oscar ta kartun a 2016. Wai akwai na biyu da ya fito a 2024, Riley ta kai 13, an ƙaro wasu ciki har da Fargaba da Hassada da Kunya. Hajiya ta ce in da Bahaushe ne ya yi, da Kunya ce za ta fara zama a kujerar gaba tun a na farkon. Ta kuma ja kunnena kan fassarata, wai in daina cewa "'yar baƙin cikin nan", don 'yar baƙin ciki daban, mai baƙin ciki daban. Na karɓi gyara.

Ummi ba ta ce uffan ba duk tsawon kallon. Ko a ƙarshe, inda Riley ta sauko daga motar da za ta gudu da ita Minnesota, ta dawo gida ta fashe da kuka ta ce tana kewar garinsu, iyayen suka ce su ma haka, ina satar kallonta, idonta na kan talabijin kamar an kafe shi.

Sai bayan isha'i, ina juye tuwo a kula, ta shigo kicin ta tsaya a bayana. Ta ce, "Umma, kin san bishiyar mangwaron gidanmu na Zariya, ko waɗanda suka shiga sun sare ta?" Na ce ban sani ba. Sai kuka, irin mai shessheƙa tun daga ciki. Wallahi "yi haƙuri" ta riga ta zo bakina, na ji ta a kan harshe. Hajiya da ke alwala a bakin ƙofar baya ta ɗago ta ce, "Bar mini kishiyata ta yi abinta." Na ajiye mara, na zauna a kan bokitin fenti da muke zuba gari, na ɗora ta a cinya duk da ta yi mini tsawo. Ta lissafo ƙawarta ta layinmu, da malamar Islamiyyarsu, da mai ƙosan bakin masallaci. Na ce ni ma ina kewar mai ƙosan nan, na Abuja duk mai ne. Ta yi dariya da majina a hanci.

Tuwon ya sandare a tukunya, sai da na yayyafa ruwa na sake tuƙawa. Gobe in mun dawo daga Kubwa zan kira maman ƙawar tata a ba su waya su gaisa, in kuma tambaya mata labarin mangwaron. Waken yana nan a tire, ko rabi ban tsince ba.