Bindigar da ke zama a bayan kujerar a-kori-kura

Wata safiya ce ta watan Agustan 2019, ni da maigidan da nake yi wa aiki muna zagayen shinge ta gefen fadama, sai ga aladun daji sun kai goma sha biyar suna tonon makiyaya kamar an saka garma. Na taka birki, na jawo akwatin bindiga daga bayan kujera, na ɓalle shi. Abin da na gani ya mantar da ni aladun. Tun daga bakin bututu har inda hannu ke riƙewa, ɗigo-ɗigon ja ne kamar an barbaɗa barkono, ga kuma shatin yatsu huɗu raɗau a gefe guda, nawa ne, tsatsa ta zana su. Na ja hannun ɗuri, ya cije. Maigidan, dattijo ne da ya haura saba'in, ya leƙo ya duba, bai ce uffan ba, ya koma ya jingina da kujera. Da faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Kiwo nake yi a wani gandun shanu a kudancin jihar Teksas ta Amurka, tsakanin garin Victoria da Port Lavaca, inda iskar teku ke isowa da gishirinta. Shanun Brahman ne masu tozo, ka gan su daga nesa sai ka rantse bunaji ne na Fulanin gida. A irin wannan wuri bindiga kayan aiki ce, ajinta ɗaya da filaya da igiya. Aladun daji sun haura miliyan biyu a jihar nan, kuma a dare ɗaya suna iya mayar da makiyaya kamar filin da aka haƙi rogo. Lokacin haihuwar shanu kuma ga koyote, wani karen daji mai kama da dila, yana laɓe yana jiran ɗan maraƙi. Ɓarnar aladun ta kai har daga watan Satumban 2019 dokar jiha ta daina neman lasisin farauta ga wanda zai harbe su a filin wani da izinin mai filin. Naman kam ba ruwana da shi, maƙwabta ne ke zuwa su kwashe. Kada kuma wani a gida ya karanta wannan ya ɗauka ko'ina haka ne: dokar Teksas nake magana a kai, inda mai girin kad, wato katin izinin zama na dindindin a Amurka, zai shiga kanti ya cike fom mai lamba 4473, a binciki sunansa a wurin FBI, ya fito da bindigarsa. A Najeriya wannan wata magana ce daban.

Bindigar tawa doguwa ce, na saye ta bayan wani ya yi amfani da ita, irin mai hannun ɗuri a ƙasa da ake gani a hannun kaboyi, mai cin harsashin .30-30 wanda ake yi tun 1895. Ƙotarta katako, ƙarfenta baƙi mai sheƙi. Na so ta ƙwarai, kuma son ne ya sa na saya mata akwatin roba mai soso ciki, na kwantar da ita kamar jaririya, na tura bayan kujera. Wata biyu da rabi ban buɗe ba. Ni ɗan yankin Katsina ne. A garinmu ka yar da fartanya a bayan rumbu tun kaka har bazara, ƙura kawai za ka kakkaɓe. Ban taɓa zama inda iska kanta ke da ruwa ba.

Mai gyaran bindigar da na kai wa a Victoria ya jujjuya ta, ya haska cikin bututun da ɗan tocila, sannan ya tambaye ni abu guda: esin motata, wato na'urar sanyaya iska, na aiki? Na ce har haƙori yake kaɗawa. Ya ce to ga ɓarawon nan. Da rana ɗakin mota in an rufe gilashi zafinsa na iya kaiwa digiri 60, sai in shiga in kunna esi, ƙarfe ya yi sanyi ƙalau, sai in kashe in buɗe ƙofa, iskar waje mai laima ta afko. Abin da ke faruwa da gorar ruwan sanyi da aka fito da ita daga firji, shi ke faruwa da bindiga: gumi take yi. A rana sau goma ina buɗe ƙofa saboda ƙyauren shinge. Soson akwatin kuwa sai ya shanye wannan danshi ya riƙe shi a jikin ƙarfe dare da rana. Shatin yatsun nan zufata ce, gishirin da ke cikinta ya ci wurin. Baƙin launin da nake ɗauka fenti ne, ashe shi ma wata irin tsatsa ce baƙa da ake yi wa ƙarfe da gangan, siririya ƙwarai, kuma in babu mai a kanta ba ta tare komai. Na ce ai na fesa WD-40 kafin in ajiye. Ya ce wannan aikinsa korar ruwa da kwance noti, ga ajiya ta watanni sai an nemi mai mai zama. Ya goge ta da audugar ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, da mai. Jan ya fita, amma ƙananan ramukan da tsatsa ta haƙa suna nan har gobe.

Daga nan na shiga neman wadda za ta jure, kuma na ɓata kusan wata uku ina yawon kantuna ina tambaya. Farkon abin da kowa zai ce maka shi ne ka sayi sitenles, ƙarfen nan fari da ake cewa ba ya tsatsa. Sunan ya fi aikin. Ƙarfe ba ya shiga wannan aji sai sinadarin kuromiyam da ke cikinsa ya kai kashi 10.5 cikin ɗari. Shi ne ke haɗuwa da iska ya yi wani ɗan fatar da ido ba ya gani, ya tare tsatsa. Ƙarfen bututun bindigogi na yau da kullum, mai lamba 4140, kuromiyam ɗinsa wajen kashi ɗaya ne kawai. Sitenles ɗin da aka fi yin bututu da shi, mai lamba 416, nasa wajen kashi 12 zuwa 13 ne, amma an ƙara masa farar wuta don ya yi sauƙin yanka a inji, kuma wannan ƙarin na rage masa juriya. Cokalin sitenles da ke kicin ɗin gida ya fi shi jure ruwa. Sai dai cokali ba zai ɗauki bugun harsashi ba. Saboda haka sitenles na bindiga yana tsatsa, a hankali ne kawai, kuma yawanci a sama-sama, ka sa tsumma ka share.

Akwai kuma waɗanda ake yi wa shafe. Cerakote fenti ne mai haɗin yumɓu da ake fesawa a gasa, yana tare ruwa sosai a waje, amma ba ya shiga cikin bututu, kuma inda ya goge a gefuna ƙarfen ya fito tsirara. Bindigar da ke gogar ƙarfen kujera a kan hanyar burji kullum, gefunanta ne ke fara ci. Wanda ya fi burge ni shi ne naitirai, inda ake tsoma ƙarfen cikin narkakken gishiri mai zafin da ya haura digiri 500, sinadarin ya ratsa fatar ƙarfen ciki da waje, har cikin bututun. Wannan ba shafe ba ne da zai ɓare. A lokacin dai an fi samunsa a bindigogi irin na soja, masu tsini da ƙugiyoyi ko'ina, ni kuwa baƙin mutum ne mai gemu da ke tuƙi a hanyoyin ƙauye. Ban ga dalilin da zai sa in ƙara wa ɗan sanda abin tunani ba in ya tsayar da ni. Wannan lissafin ba ya cikin littafin kowane kamfani, amma ya shiga nawa.

Uku suka rage a gabana. Ruger Mini-14, wadda aka fitar da samfurinta na makiyaya tun 1982, akwai ta sitenles, gajeriya ce, tana ɗura kanta. Sai Marlin 336 ta sitenles, 'yar'uwar irin wadda na saba da ita. Sai Tikka T3x ta ƙasar Finlan, ita ma ta sitenles, mai sakata da ake ja da hannu, ƙotar roba, nauyinta wajen kilo uku. Zuciyata na kan mai hannun ɗurin, amma na tuna yadda mai gyara ya baje ƙananan sassa da sifirin a kan tebur kafin ya kai ga inda tsatsa ta ɓuya. Ta sakata kuwa, ka danna maɓalli ka zare sakatar, ka leƙa bututu daga baya har gaba, ka zura tsumma, minti biyu an gama. Na san halina: abin da ke da wahalar gogewa ba zan goge shi ba. Wannan ya yanke hukunci, na ɗauki Tikka mai cin .308, harsashin da babu kantin ƙauyen da ba a samunsa, kuma yana kayar da ƙaton alade a yadi ɗari biyu, inda .30-30 ta fara gajiya. Tsawonta ya ɗan fi yadda na so, sai a kwance take shiga bayan kujera. Ƙotar roba ba ta da kyan gani ko kaɗan, amma katako a wannan laima kumbura yake yi ya motse, har ya karkatar da saiti.

Kuɗi ma na duba. Bindigar mota ba ta gado ba ce. Fasa gilashin mota na daga manyan hanyoyin da ake sace bindiga a Amurka, kuma a-kori-kura mai laka a jiki da aka faka a gari, ɓarawo ya san abin da ke bayan kujerarta. Don haka ban sayi wadda ɓatanta zai hana ni barci ba, na kuma sa aka ɗaura mata maƙalin ƙarfe mai kwaɗo a jikin motar. Ba harsashi a cikinta in ina kan titi. Dokar tarayya ta 1990 ta ce in za ka ratsa cikin ƙafa 1,000 daga makaranta ba tare da lasisin jiha ba, sai bindiga ta kasance babu ɗuri kuma a kulle, ni kuwa nakan ɗauko yarana daga makaranta. In zan shiga Hustan sallar Idi ko sayen kayan miya, a gida nake barinta cikin kabad na ƙarfe.

Na ɗauka an wuce wurin. Bayan wata huɗu sai ga jan ɗigo kuma, wannan karon a kan ƙananan notunan da ke riƙe madubin hange, waɗanda na saya da araha ta intanet. Baƙin ƙarfe ne zalla. Jan ruwansu ya gangaro ya ɓata farin ƙarfen da ke ƙasa, kai ka ce shi ne ya yi tsatsar. Na kusa sa audugar ƙarfen nan in goge, mai gyara ya hana ni: burbushinta na maƙalewa a jikin sitenles, shi ya yi tsatsa daga baya. Ta tagulla ake amfani da ita. Na canza notunan, na ɗiga wa kan kowanne ɗan giris. Harsasai ma sun koya mini nasu darasin. Guda biyar da na jera a ɗamarar fata suka yi kore shar, domin sinadarin jima na cin tagulla. Yanzu a ƙaramin akwatin roba suke, kuma duk wata shida nakan harbe na motar a wurin gwaji in zuba sababbi.

A tsakiyar wannan hidima na kira kawuna, tsohon maharbi ne, bindigar toka ya riƙe shekara arba'in. Bayan mun gaisa na ce, “Kawu, ku da me kuke hana taku tsatsa da damina?” Ya yi dariya har da tari. Ya ce, “Ɗan nan, wace irin bindiga ce ake kullewa a akwati? In na dawo daji na wanke cikinta da ruwan zafi saboda tokar albarushi, na shanya, na shafe ta da man gyaɗa, na rataye a bango inda iska ke bugunta. Kullum ina ganinta, ta ina tsatsa za ta shigo ban sani ba?” Na ce, “Kawu, tawa Turawa sun ce ba ta tsatsa.” Ya ce, “To su zo su riƙe maka.”

Yadda nake yi yanzu bai fi nasa da komai ba. Bindigar na cikin wata doguwar safa mai silikon da iska ke ratsawa. Duk ranar da na taɓa ta, kafin in mayar sai na bi ta da tsumma mai ɗan mai, musamman inda tafin hannu ya sauka. Tsumman na cikin gwangwanin madara a aljihun ƙofa, don in ya yi nisa da hannu ba zan nema ba. In ruwa ya taɓa ta, ko an yi hazon asuba mai jiƙa riga, tana kwana a ɗaki a tsaye, sakata a zare. Ran Juma'a da yamma nakan fito da ita in leƙa bututun in zura tsumma sau biyu, sau ɗaya a shekara kuma in raba ƙarfen da ƙota, domin a ƙarƙashi ne ruwa ke kwanciya inda ido ba ya kaiwa. Nan nakan shafa kakin goge katako siriri. Mai da yawa shi ma matsala ne, ƙurar burji yake kamawa ya zama kamar kwaɓin laka a cikin sakata.

Tsohuwar .30-30 tana nan a kabad da ramukanta, kuma har yanzu tana harbi daidai. Maigidan ya taɓa tambayata ko zan sayar masa da ita don jikansa, na ce a'a. Akwatin soson kuwa na cire masa murfi na ajiye a rumbun ciyawa, kyanwar wurin ta haihu a ciki sau biyu.