Yadda Muka Cire Sharaɗin Shekaru Wajen Ɗaukar Ma'aikata

Ni ke kula da harkokin ma'aikata a wata masana'antar casar shinkafa da ke wajen garin Gombe. Da muka tashi ƙara ma'aikata, na roƙi mai masana'antar ya amince a cire layin nan da aka saba sanyawa a sanarwa, wai kada mai neman aiki ya haura shekara 27.

Hujjata ita ce, matashin da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a (ASUU) na 2020 da na 2022 suka riƙe a jami'a, na 2022 kaɗai ya ci wata takwas, sannan ya yi shekarar bautar ƙasa, bai aikata laifin da za a rufe masa ƙofa ba. Shi kuma ma'aikacin gwamnati yana ritaya da zarar ya cika shekara 60 ko ya shekara 35 a bakin aiki, alhali da yawansu da sauran ƙarfi. Sashe na 42 na kundin tsarin mulki na 1999 ya hana wariya saboda ƙabila, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa, amma bai ambaci shekaru ba, kuma wannan giɓin yana damuna ƙwarai.

Maimakon tambayar ranar haihuwa, sai muka gwada kowa a kan aikin da yake nema. Wani dattijo, tsohon malamin gona, ya ɗebi shanshera daga buhun da aka kawo daga Dadin Kowa, ya murza ta a tafin hannu, ya ciji ƙwaya ɗaya, ya ce ba ta gama bushewa ba, za ta karye a inji. Matashiyar da ke riƙe da na'urar auna danshi ta gwada, ta tabbatar da maganarsa. Muka ɗauke su duka.

Wahalar ta zo daga baya, domin shugaban sashen sa'an ɗan dattijon ne, kuma nauyin baki ya hana shi ba da umarni. Ya same ni ya ce, "Yallaɓai, ta yaya zan dubi sa'an mahaifina in ce ya makara?" Ban ga aibin wannan kunyar ba, tarbiyyarmu ce, sai dai aiki ya fara tsayawa. Abin da ya warware matsalar shi ne rubuta jadawalin aiki a allo kowace safiya, ta yadda umarni zai fito daga tsari ba daga bakin yaro ba, gyara kuma a yi shi a keɓe. Na kuma zauna da dattijon na ce, "Baba, idan kuka kira shi yaro a gaban leburori, ba za su ƙara jin maganarsa ba." Ya karɓa da kyakkyawar fuska.

Yanzu mun ware awa ɗaya duk ranar Asabar, matasa suna koya wa manya shigar da lissafin kaya a kwamfuta, manya kuma suna nuna musu yadda ake tantance shanshera da yin ciniki da manoma.