Lambar P2004 ba ta ce a sayi sabon kolekta ba

Abin da aikin nan ke koya wa bakanike a Garwa ko Marwa shi ne, na'urar gwajin mota da muke kira valiz, unguwa kawai take nunawa, ba ta kai mutum ƙofar gida. Cikin lambobin matsala da take nunawa, P2004 na nufin fukafukan cikin kolekta, wato bututun da ke raba wa injin iska, sun maƙale a buɗe, P2006 a rufe, P2008 waya ko elektrovan (bawul ɗin lantarki mai sarrafa fukafukan), P2015 kuma sensar da ke faɗin matsayin fukafukan ce karatunta ya kauce.

Fukafukan nan, idan injin na juyi a hankali, suna tsuke hanyar iska don ta shiga da ƙarfi ta gauraya da mai. Juyi ya hau, su buɗe. In sun tsaya a buɗe, mota ta yi nauyin tashi. In a rufe, ta ƙi ja da an taka.

A fara da abu mafi arha: siririn tiyon roba mai kai zuƙar iska. Zafin watan Afrilu na busar da shi ya tsage ta ƙasa, inda ido ba ya gani, sai an lanƙwasa. Injin fetur mai lafiya yana ba da zuƙa inci 17 zuwa 22 a agogon awon zuƙa, in yana silo. Amma a kula, Gaundare na kan tudu, sama da mita 1,000, don haka allura za ta sauka da kusan inci 3 ba tare da wani ciwo ba.

Daga nan a sa famfon hannu a kan gwangwanin da ke jan sandar fukafukan. Ya ja ya riƙe, fatarsa lafiya. Ya saki, ta huje. Elektrovan ɗin Toyota yakan ba da om 30 zuwa 40 a sanyi. Sensa kuwa volt 5 take karɓa, karatunta ya riƙa hawa sumul tsakanin 0.5 da 4.5, ba tsalle.

Sai duk waɗannan sun tsira ake kwance kolekta. Galibi kunkunniya ce: hayaƙin EGR (bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin injin) da tururin baƙin mai sun haɗu da ƙurar hunturu da ta ratsa tsohuwar matatar iska, suka zama kwalta. A wanke, a gwada sandar da yatsa. Kada a banƙare ta da sukundireba, roba ce.

Wajen mayarwa a sa sabon gasket, a ɗaure ƙananan kusoshi daga tsakiya zuwa gefe, kusan Nm 10. A Volkswagen da Audi sai an sake koya wa kwamfuta iyakar fukafukan da valiz, in ba haka ba fitilar gargaɗin injin za ta dawo.