Mai tsaron baya: abin da babur mai ƙafa huɗu ya koya mini

Mutanen da ke biyan kuɗi su hau babur mai ƙafa huɗu a shiga da su kwari kallon faɗuwar rana, a ganinsu awa 2 suka saya. Haka aka rubuta a rasit. Amma abin da ya kawo su bai fi minti 15 ba, daga lokacin da rana ta yi ja ta kusa taɓa bakin dutse zuwa lokacin da ta shige. Duk sauran lokacin na kai su wurin ne, da dawo da su gida da ragowar haske. Shi ya sa mai jagora ba ya fara lissafi daga lokacin tashi. Ƙarfe nawa rana za ta faɗi yau, shi yake fara dubawa, sannan ya riƙa cirewa yana yin baya: tafiya zuwa wurin kallo, tsayawar ɗaukar hoto, koya wa baƙi tuƙi a fili, gwada hular kwano, jiran wanda ya makara a otal. Inda lissafin ya tsaya, nan ne lokacin tashi, kuma kowane mako sai ya ɗan matsa.

A Kapadokiya na koyi wannan, a tsakiyar Turkiyya, lokacin ina karatu a Kayseri. Kafin in tafi na ɗan zauna a garejin kawuna a Tudun Wada, inda ake gyaran babura, kuma hannun da na samu a nan ne ya sa wani mai hayar irin waɗannan babura a garin Goreme ya riƙa ɗaukata aiki in an yi hutu. Tsakanin Kayseri da Goreme tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota.

Duwatsun can ba irin namu ba ne. Toka ce da tsaunuka masu aman wuta, irin su Erciyes da ke tsaye a kan Kayseri, suka zubar tun zamanin da, ta daskare ta zama dutse mai taushi. Ruwa da iska suka sassaƙe shi ya zama dogayen turaku masu hula a ka, mutane kuma suka fafe shi suka yi gidaje da coci-coci da ɗakunan tattabaru a ciki. A 1985 UNESCO ta sa yankin Goreme cikin wuraren tarihi na duniya. Da asuba balan-balan masu ɗaukar mutane ke cika sama, da yamma kuma lokacin babura ne, ana bi ta Gulludere da Kizilcukur da gefen ƙauyen Cavusin, inda dutsen yake komawa ja kamar an shafa masa jan ƙasa in rana ta sunkuyo.

Babur ɗin kansa mayaudari ne, kuma ƙafafun nan huɗu su ne yaudarar. Mutum ya gan shi a tsaye ba tare da an tokare shi ba, sai ya ɗauka ba ya faɗuwa. Yana faɗuwa, kuma in ya faɗi a kan mai shi yake kifewa, da nauyin da sau da yawa ya haura kilo 200. Asalinsa ma ƙafa uku gare shi: Honda ta fito da shi a 1970, Suzuki ta kawo mai ƙafa huɗu a 1982, kuma a 1988 aka daina sayar da sababbin masu ƙafa uku a Amurka saboda yawan kifewa. Ƙarin ƙafa ɗaya ya rage abin, bai kawar da shi ba. Mazauninsa a sama yake, faɗinsa kaɗan ne, tayoyinsa kuma iska kaɗan ake sa musu domin su kwanta a kan ƙasa su kama ta. Mai facin da ya saba da tayar Bajaj, in ka bar shi da ita, sai ya cika ta ta yi tauri, babur ya riƙa tsalle a kan kowane dutse. A kan kwalta kuwa ya fi haɗari, domin tayoyin baya na yawancinsu a ƙarfe ɗaya suke juyawa tare, kuma a kwana dole ɗaya ta ɗan zame. Ƙasa tana bari a zame, kwalta ba ta bari.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, waɗanda suka iya babur na yau da kullum su ne suka fi wahalar koya wa. Jikinsu ya riga ya saba. In babur ya yi tangal-tangal sai su sauke ƙafa ƙasa, tayar baya kuwa tana nan daf da dugadugi, sai ta taka ta ja mutum. Sun saba kwantar da babur a kwana, wannan kuwa ba ya kwanciya, kai ne za ka murɗa kansa ka mayar da nauyin jikinka cikin kwanar. A hawa ka sunkuya gaba, a gangara ka ja jiki baya, a gefen tudu ka karkata wajen tudun. Totur ɗinsa ma ba murɗawa ake yi ba, da babban yatsa ake dannawa, kuma wanda ya firgita ya damƙe hannu yakan danna shi bai sani ba. Na ga mata da yawa da suka hau jikinsu na rawa suka dawo lafiya lau, saboda tsoro ya sa sun saurari bayani. Wanda ya ce maka "ni na iya" tun kafin ka buɗe baki, shi za ka sa wa ido.

Ubangidana yana da yadda yake jera mutane. Mafi tsoro shi ke bin mai jagora kai tsaye, domin tafiyar kowa ta daidaita da tasa. Samari masu son nuna bajinta a baya ake sa su, a gaban mai tsaron baya, wato ni. Da farko na ɗauka an ba ni wannan wuri ne don ni baƙo ne, tunda na baya shi ke shan ƙurar kowa, har ka dawo haƙoranka na ƙas-ƙas. Daga baya na ga cewa wanda ke gaba hanya kawai yake gani, na baya shi ke ganin mutane. Ni ke ganin wanda ya saki hannu ɗaya yana ɗaukar bidiyo da waya, da wanda yake jan jiki da gangan ya bar tazara don ya samu filin gudu, da wadda igiyar hularta ta kwance, da babur ɗin da hayaƙinsa ya canja launi. Igiyar ja da famfo da fulogi da ruwan sha duk a wurina suke. A ayarin fatakenmu na da masu zuwa Gwanja sayen goro, jagaba ne a gaba, madugu uban tafiya yakan biyo baya, kuma sai da na yi wannan aiki na gane dalili.

Akwai doka ɗaya da ba a sassauta ta. In an makara, tsayawar hoto ake ragewa, ba a ƙara gudu. Sauri ya haifi nawa: babur ɗaya ya kife, an rasa faɗuwar ranar, an rasa hasken dawowa, an koma neman motar asibiti a hanyar da mota ba ta shiga. Baƙi sukan yi gunaguni in an wuce wani wuri mai kyau ba a tsaya ba. Ba sa tunawa da shi in sun isa wurin kallo a kan lokaci.

Sai ƙura. Kowace safiya aikina ne in cire iyakilina, wato matatar iskar inji, in wanke, domin ƙasar can gari ce, in ta shiga inji ta cinye shi. Wannan namu ne, mu muka jawo. Amma ƙurar nan tana sauka a kan gonakin inabi na mutanen da ba su karɓi ko sisi daga baƙin ba, tayoyin kuma suna tona dutsen nan mai taushi. Mazauna wurin sun daɗe suna kuka da abin, kuma hukumar da gwamnatin Turkiyya ta kafa a 2019 don kula da yankin ta taƙaita hanyoyin da babura ke bi. Ina cikin masu cin abinci da sana'ar, amma a ganina manoman ne ke da gaskiya.

Da na dawo Zariya, wani abokina ɗan kasuwa a Sabon Gari ya ga hotunan a wayata, tun daga ranar bai bar ni na huta ba. A sayo babura na hannu, a kai su gindin Kufena, ɗaliban jami'a na Samaru da Kongo da baƙin da ke zuwa hawan Sallah su riƙa biya. A baki abin yana da daɗi. Kufena dutse ne mai tarihi, masana na lissafa shi tare da Turunku cikin tsofaffin mazaunan Zazzagawa, kuma wanda ya hau shi da yamma ya san yadda gari da gonaki suke shimfiɗe a ƙasa. Muka je dubawa ta wajen Wusasa.

Muna tafe yana nuna hanyoyi da hannu, sai muka tarar da wani dattijo yana gyaran kunya.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa, sannunku samari. Fili ake nema?"

Abokina ya yi masa bayani, har da hoto. Dattijon ya duba, ya mayar masa da wayar.

"Ɗana, wannan da kake nunawa ba hanya ba ce. Iyakar gonata ce da ta maƙwabcina. Mutum ɗaya take ci, shi ma in yana da kaya sai ya karkata."

Faɗin babur ɗin ya haura mita ɗaya. Ke nan taya biyu a gonar wannan, biyu a gonar wancan. Hanya mai faɗi da muka gani burtali ce, kuma daidai lokacin da muke son shigar da baƙi shi ne lokacin da makiyaya ke koro shanu gida, yara na dawowa da itace, manoma na haramar tashi. Shanun da ba su saba da ƙarar inji ba, ka turo musu babura goma a jere cikin burtali, ka san abin da zai biyo baya.

Na zauna na yi lissafin nan na komawa baya, sai ya ba ni wata amsa dabam. A Goreme rana takan kai bayan ƙarfe 8 ba ta faɗi ba a watan Yuni, a Disamba kuma tun wajen 5 da rabi ta tafi. A Zariya duk shekara tsakanin ƙarfe 6 ne da gab da 7, wanda ya sauƙaƙa tsara lokaci. Amma mu mun fi kusa da tsakiyar duniya, rana a miƙe take gangarawa, hasken da take bari bai fi na minti 20 da 'yan kai ba. Can ana samun kusan rabin awa. Tazarar kamar ba yawa, sai kana da mutum goma sha a daji wanda rabinsu yau suka fara tuƙi. Bayan haka, faɗuwar rana a wurinmu kiran sallah ne. Baƙin can suna tsaye da waya a hannu, namu kuwa za su nemi buta, kuma lokacin magariba ba shi da tsawo. Ga maganar tsaro, wadda ba sai na yi dogon bayani ba: ba uban da zai yarda 'yarsa ɗaliba ta kai almuru a bayan gari saboda hoto.

Yanayin shekara ma bai ba da haɗin kai ba. Da damina sama ta fi kyau, gajimare na rina ja da ruwan goro, amma ko'ina masara ce da dawa, ƙasa kuma a jiƙe. Taya ta bar shaida a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ruwan gaba ya bi ta, wanda ya biyo ya faɗaɗa ta, kuma duk wanda ya bi bakin rafin Kubanni ya ga irin kwazazzaban da zaizaya ke haifarwa. In an girbe fili ya buɗe, hunturu ya shigo, rana ta koma fari fat ta ɓace cikin hazo tun ba ta kai ƙasa ba, ƙurar da babura za su tayar kuma ta tsaya cik a iska. A Maris da Afrilu zafi ne, hular kwano ta zama azaba.

Abin da muke yi yanzu da ƙafa ne. Wasu ranakun Asabar mukan hau Kufena da ɗalibai bayan la'asar, da sanin mutanen wurin. Dutsen namu mai tauri ne, takalmi ba ya yi masa komai, sai dai santsi in an yi ruwa, ranar kuwa ba ma hawa. Mukan fara saukowa rana tana sama da tsawon mashi, a ga jajayenta a kan hanya, a yi sallah a ƙasa cikin jama'a. Wani ƙanena ke gaba da masu nauyin jiki a bayansa, ni ina baya da ruwa da 'yan samarin da ke son tsallake duwatsu.

Abokina bai haƙura ba. Na ce masa in dai sai an yi, to a yi da hantsi, bayan an kwashe amfanin gona, a filin da aka karɓa haya daga mai shi, da sanin mai unguwa, kowa da hular kwano, ba goyo, ba yara, kuma a fara da babura biyu a ga yadda kayan gyaransu ke samuwa. Ya ce in an cire faɗuwar rana ai an cire abin da mutane za su sa a Instagram, wa zai biya kuɗi ya yi yawo a kan kara da hantsi? Na ce wannan tambaya ce mai kyau, ya fara amsa ta kafin ya tura wa kowa kuɗi. Makon jiya ya kira ni daga Kano yana tambayar inji mai ƙarfin nawa ya kamata ya duba.