Mariƙin famfon da ya kayar da maƙalata

Mako uku ke nan da aka maido mini da maƙalar, amma har yau in na tuna shafi na huɗu sai in ji abin ya tokare mini zuciya. Sakin layin da na fi ji da shi, wanda na kwana biyu ina gogewa, shi Malama ta bi da jan biro daga sama har ƙasa, ta rubuta tambaya ɗaya a gefe: "Wannan me yake tabbatarwa?"

Aikin da aka ba mu shi ne kowa ya ɗauki wani al'amari daga tarihin lafiyar al'umma, ya tsayar da jigo ɗaya, ya kare shi da hujjoji. Wanda tasa ta fi ƙarfi shi zai gabatar a taron ɗalibai na ƙarshen zango, kuma na sa rai ƙwarai. Na zaɓi annobar kwalara da ta ɓarke a unguwar Soho ta Landan a 1854, da aikin likitan nan John Snow. Jigona shi ne ruwan famfon titin Broad ne ya yaɗa cutar, alhali yawancin likitocin zamanin sun ɗora laifin a kan gurɓatacciyar iska. Malama ta amince da jigon tun ranar farko, karatu kuma na yi shi ba laifi.

Inda na kasa shi ne na jingina maƙalar gaba ɗaya da labarin mariƙi. Duk wanda ya taɓa jin sunan Snow ya san shi. Ranar 7 ga Satumba ya gana da hukumar unguwar, washegari aka cire mariƙin famfon, annoba ta lafa. Labari ne mai daɗin faɗa, yana da mutum ɗaya da ya tsaya da ƙafarsa, yana da ranar da komai ya sauya. Da shi na buɗe, na koma masa a tsakiya, na rufe da shi. A zuciyata babu hujjar da ta kai ta: an hana mutane ruwan, mutuwa ta tsaya, me kuma ake nema?

Haka na faɗa wa Malama da na same ta a ofis.

"Malama, ai abin a fili yake. An cire mariƙi, cuta ta tafi."

"To zauna," in ji ta. "Yaushe cutar ta fara raguwa?"

Na ce bayan an cire mariƙin mana. Ba ta yi musu da ni ba. Ta juyo mini da kwamfutarta, ta nuna mini jadawalin da Snow da kansa ya tsara, rana bayan rana, na waɗanda suka kamu kuma cutar ta yi ajalinsu. Ranar 1 ga Satumba mutum 143. Ranar 8 ga wata, ranar da aka cire mariƙin, mutum 12. Wato kafin wani ya taɓa famfon nan annobar ta riga ta ci ƙarfinta, domin jama'a da yawa sun tsere daga unguwar tun a kwanakin farko. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Snow bai ɓoye wannan ba. Ya rubuta cewa kamuwar ta ragu sosai kafin a hana amfani da ruwan, har ba za a iya yanke hukunci ko rijiyar tana ɗauke da cutar a lokacin ba. Mutumin da nake karewa ya ƙi dogara da hujjar da ni na ɗora masa a kai.

"Ba ka yi ƙarya ba," ta ce. "An cire mariƙi, gaskiya ne. Annoba ta lafa, gaskiya ne. Amma ko da iska ce ke yaɗa cutar, mutane sun gudu, za ka ga raguwar nan. To yaya za ta raba maka gardama tsakanin ruwa da iska?"

Ban sami abin cewa ba. Na karɓi takarduna na fito.

A daren na zauna na bi maƙalar sakin layi bayan sakin layi, ina yi wa kowane bayani tambayar da na ciro daga maganarta: da a ce jigona kuskure ne, wannan bayanin zai canza? Abin da na gani ya ba ni kunya. Na kashe sakin layi guda a kan haihuwar Snow a birnin York a 1813 da yadda ya taso. Na kashe wani a kan yadda ya shaƙa wa Sarauniya Biktoriya maganin gusar da zafi lokacin da za ta haihu a 1853. Na kawo adadin mamata, 616, har sau uku. Duk gaskiya ne, kuma ko ɗaya ba ya motsi in an juya jigon. Ko ruwa ne ko iska, a York aka haife shi. Ko ruwa ne ko iska, mutum 616 sun mutu. Adadin yana nuna girman masifar, bai ce komai a kan sanadinta ba. Taron tsintsiya na yi, babu shara. Na ɗauka yawan bayani shi ne ƙarfin rubutu, kuma na ɗauka duk abin da ya shafi Snow ya shafi jigona.

Sannan na iso shafi na shida, can ƙasa, inda na jefa jimla ɗaya tak a kan wata tsohuwa da ke zaune a Hampstead, wata unguwa mai nisa da Soho. Na sa ta ne don cike gurbi.

Matar nan mijinta ya rasu, ta bar Soho tuntuni, amma tana son ɗanɗanon ruwan titin Broad, don haka kullum ake kai mata shi a babbar kwalba. Ta sha wanda aka ɗebo ranar 31 ga Agusta, ta rasu ranar 2 ga Satumba. Wata 'yar'uwarta da ta kawo mata ziyara ta sha ruwan, ta koma gida Islington, ita ma ta rasu. A lokacin babu kwalara a inda su biyun suke zaune. Na yi mata tambayar tawa. Da iskar Soho ce ke kisa, matar da ta yi watanni ba ta shaƙe ta ba me zai same ta? Babu. Ruwa kawai ya haɗa ta da unguwar. Wannan bayani ba zai tsaya ba sai in jigona gaskiya ne, kuma shi ne na ba layi ɗaya, na ba mariƙi shafi uku.

Daga nan sauran suka fara fitowa, waɗanda na karanta na wuce saboda ba su da armashin labari. Akwai gidan gajiyayyu a titin Poland, mai mutum 535, kewaye da gidajen da ake ta fitar da gawa, amma mutum 5 kawai suka mutu a cikinsa. Gidan yana da rijiyarsa. Akwai kamfanin giya a kan titin Broad ɗin kansa, ma'aikata sama da 70, ko ɗaya bai mutu ba, su ma ba sa shan ruwan famfon. Tsohuwar Hampstead ta sha ruwan ba ta shaƙi iskar ba, ta mutu. Waɗannan sun shaƙi iskar ba su sha ruwan ba, suka tsira. Hujjojin sun kama jigon ta gaba da baya, kuma duk suna cikin littafin rubutuna tun makon farko, da rubutun hannuna.

Akwai kuma binciken da Snow ya yi a kudancin Landan, inda kamfanoni biyu ke ba gidajen tituna ɗaya ruwa. Kamfanin Lambeth ya mayar da wurin ɗibansa can saman kogin Thames a 1852, nesa da ƙazantar birni, shi kuwa na Southwark da Vauxhall yana ɗiba a cikin gari. A makonni bakwai na farkon annobar, an sami mutuwa 315 a kowane gida 10,000 na kamfani na biyu, da 37 a na Lambeth. Wannan ban sa shi a maƙalar ba sam, wai don kada lissafi ya gundiri mai karatu.

Na sake rubuta maƙalar duk da na san makin ba zai canza ba. A nan na gano wani rauni na biyu. Ko hujjar kirki ce, in ka ajiye ta ita kaɗai ba ta magana. Da farko na rubuta "mutum 5 cikin 535 suka mutu" na wuce, kamar mai karatu zai ƙarasa mini tunanin. Sai da na ƙara cewa gidan a tsakiyar annobar yake, iskarsu ɗaya da maƙwabta, ruwansu ne daban, sannan adadin ya zama hujja. Wannan jimlar da ke ɗaure bayani da jigo ita ce mafi wuyar rubutawa, kuma ita ke tona asiri. Na gwada rubuta ta ga labarin Sarauniya, ta ƙi fitowa, na cire sakin layin. Na gwada ta ga mariƙi, na rubuta "wannan ya nuna cewa", sai hannuna ya tsaya, domin babu abin da zan ƙarasa da shi wanda jadawalin nan ba zai ƙaryata ba. Da na yi wannan gwajin tun farko, minti biyu ya ishe ni in gane.

Wanda zai kare wani jigo a rubuce, ya fi sa ido a kan bayanin da ya fi masa daɗin faɗa. Shi ne wanda ba ka bincika, saboda ka ji shi sau da yawa, kuma kowa na maimaita shi. Ni a rubuce-rubucen da suka taƙaita labarin na tsince shi, wurare huɗu ko biyar, duk bakinsu ɗaya, sai na ɗauki yawan masu faɗa a matsayin tabbaci. Ban buɗe jadawalin ba ko sau ɗaya, alhali yana nan a intanet ga duk mai so.

Ban jefar da mariƙin ba. Na bar shi a sabuwar maƙalar, amma a matsayin abin da mai adawa da jigona zai iya kamawa, na kawo 143 da 12 da kaina kafin wani ya kawo mini su. Na kuma ƙara abin da limamin cocin unguwar, Henry Whitehead, ya gano daga baya: wata jaririya a gida mai lamba 40 a titin Broad ta kamu kafin ɓarkewar, ana zuba ruwan wankin kunzugunta a shaddar da ke dab da rijiyar. Wannan ya nuna ta inda cutar ta shiga ruwan. Cire mariƙin kuwa yana iya kare wani jigon daban, cewa hukuma tana iya ɗaukar mataki kafin a gama gardama. Ba shi na ce zan kare ba.

Wata abokiyar karatuna ce ta gabatar a taron, kuma ta cancanta. Maƙalarta ba ta kai tawa tsawo ba, hujja uku kawai ta kawo, babu wadda za ka zare ginin bai girgiza ba. Na zauna a layi na biyu ina saurare, sabuwar maƙalata tana cikin jaka.

Bayan an tashi na miƙa wa Malama. Ta karanta shafin Hampstead a tsaye, ta ɗago ta dube ni.

"Da ma kana da wannan matar tun farko?"

"Ina da ita, Malama. Tana shafi na shida."