Ɗinkin Sallah da Halin Shago

Tela ya yi suna da saɓa alkawari, kuma ba a banza sunan ya bi shi ba. Duk wanda ya taɓa kai shadda cikin azumi ya san yadda ake yi: a ce maka jibi, ka dawo jibi a ce gata, daren Sallah ka tarar da yadinka a ninke yadda ka kawo shi, ko alli bai taɓa shi ba. Cikin wannan sana'a na tashi a nan Katsina. Na yi yaron shago a wurin wani, daga baya Allah Ya ba ni nawa a wajen Ƙofar Ƙaura. Tun ina riƙe wa maigidana tef na lura cewa yawancin telolin da ake zagi mutanen kirki ne a gidajensu, masu sallah cikin jam'i, masu zumunci. Shagon ne yake da halin da ke tura su ga ƙarya, kuma duk yaron da aka kawo koyo wannan halin zai fara ɗauka tun bai iya sa zare a allura ba.

Mu Katsinawa kirarinmu ɗakin kara ne, kuma ina alfahari da shi. Amma kara tana cikin abin da ke kashe tela. Surukinka ya kawo shadda ana saura kwana kaɗan Sallah, limamin unguwa ya aiko da ta 'ya'yansa, abokin mahaifinka ya taso takanas daga Jibiya. Wa za ka kalli idonsa ka ce ba za a samu ba? Sai ka karɓa ka ce in sha Allah, alhali kai da yaran da ke kan keke duk kun san lissafin ba zai fita ba. Yaran kuwa suna ji. Gobe in ka tambayi ɗayansu ko ya gama wandon da ka ba shi, zai ce maka saura kaɗan ko da bai fara ba, don a bakinka ya koya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Da na buɗe nawa, abin da na fara saya bayan kekuna shi ne babban littafi. Duk kayan da suka shigo a rubuta mai su, awonsa, yadi nawa ya kawo, irin aikin wuyan da yake so, kafin alƙalamin da ya bayar, da ranar da zai karɓa. Littafin a kan tebur yake a buɗe, kowa na iya dubawa. Kafin a ga watan azumi mukan zauna, mai yanka ya faɗi abin da zai iya yankawa a yini, masu haɗawa su faɗi nasu, haka mai aikin wuya da mai guga. Ba da mai sauri muke lissafi ba. Inda aiki ke tsayawa a nan ake auna shago, kuma a wurinmu aikin wuya ne, musamman babbar riga. Masu hawa da 'yan rakiyarsu suna son tasu kafin Hawan Sallah da Hawan Bariki, kuma riga ɗaya mai cikakken aiki tana cin lokacin kaftani da yawa. In lissafi ya cika, a ja layi a rufe.

Jan layin ba wuya. Tsayawa a kansa ne aiki. Wani dattijo da nake jin nauyinsa ƙwarai ya zo bayan an rufe, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ka yi mini haƙuri, littafi ya cika. In na karɓa, da tsohuwar riga za ka je Idi, kuma ni na jawo." Na haɗa shi da yaro ya kai shi wani shagon da na san suna da sarari. Ransa bai so ba. Akwai waɗanda na mayar a irin wannan hali da ba su sake dawowa ba har yau, kuma ban ga laifinsu ba. Amma daga ranar ban ƙara jin wani a shagon ya ce wa mai kaya ya dawo gobe alhali ya san ba a gama ba. Har ni ma sukan tsayar da ni, in na ɗauko aikin alfarma mai yanka ya ce, "Maigida, duba littafi dai."

Maganar kuɗi ita ce ta fi ɗaukar mu lokaci. A al'adar sana'ar, kowa da abin da ya ɗinka ake biyansa. Tsarin yana sa himma, amma yana raba kan mutane ba tare da kowa ya yi niyya ba. Gwani ba zai tashi daga kekensa ya nuna wa ɗan koyo yadda ake ɗora aljihu ba, don kowane minti kuɗi ne a wurinsa. In an raba aiki kowa ya kai hannu ga mai sauƙi, a bar leshi mai wuyar sha'ani da gyaran kayan da aka dawo da su. Kana iya yin wa'azin haɗin kai safe da yamma, muddin aljihun mutum zai ragu in ya taimaki ɗan'uwansa, wa'azin a iska zai tafi. Sai muka bar biyan kowa da aikinsa yadda yake, amma muka ware wani kaso daga kowane ɗinki, ni ma na ƙara daga nawa, ana tarawa. Ba a raba shi sai an miƙa duk kayan da ke cikin littafi a ranar da aka yi alkawari, kuma daidai ake rabawa, daga gwani har mai share shago. Masu saurin hannu sun yi gunaguni da fari, kuma suna da hujja, don su suka fi zubawa. Abin da ya kwantar da maganar shi ne ganin cewa daren Sallah mun kulle shago da wuri kowa ya tafi gida, maƙwabtanmu kuwa suna kan keke har kiran assalatu. Yanzu wanda ya gama nasa da kansa yake juyawa ya tambayi wa ke da saura.

Sai kuskure. Shadda mai tsada irin Getzner, in almakashi ya kauce, ba ta da gyara sai dabara. A inda na koyi aiki, yaron da ya ɓata kaya zagi yake sha a gaban mutane kuma a cire a kuɗinsa, shi ya sa kowa ya ƙware wajen ɓoyewa, sai mai kaya ya sa riga ya ga hannu ɗaya ya fi ɗaya. Mu ƙa'idarmu ita ce duk wanda ya faɗi ɓarnarsa kafin kaya su kai wurin guga, shago ne zai ɗauki asarar, kuma ba mai yi masa gori. Wanda ya ɓoye har ta fito, shi zai biya. In akwai faɗa, a bayan shago nake yi, ni da shi kawai. Bakatsine zai jure a rage masa kuɗi, amma a kunyata shi gaban ƙannensa ba ya mantawa.

Ragowar yadi kuwa, ko ƙyallen da bai wuce a yi wa jariri hula ba, a ninke shi a sa a ledar mai shi. Wasu masu kayan dariya suke yi su ce a bar wa yara, to a nan ya halatta. Yaron da ya saba mayar da ƙyalle ba na fargabar bar masa aljihun tebur.

Shekarar 2023 ce ta gwada duk wannan. A farkonta aka shiga ƙarancin takardun kuɗi saboda sauya fasalin naira. Masu kaya suna turo kuɗi ta waya, ma'aikata kuwa tsaba suke buƙata don cefane, ga masu POS suna cajin abin da suka ga dama. Na riƙe hadisin nan da ya ce a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe, amma tsabar da ke shigowa ba ta isa kowa. Ran nan na baje abin da aka samu a kan tebur na ce su faɗi yadda za a yi. Babban yaron shago ya ce, "Maigida, a fara ba Malam mai guga, iyalinshi sun haihu. Mu marasa aure mu jira gobe." Ba wanda ya musa. Ban koya masa wannan da baki ba, kuma na daɗe ina jin daɗin maganar a raina.

Ba a gama farfaɗowa ba sai aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, farashin gwamnati na litar fetur ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, ga Babbar Sallah a ƙarshen Yuni. Shagon da ya dogara da janareto in an ɗauke wuta ya san abin da wannan ke nufi. Na nuna musu abin da ke shiga da abin da mai ke ci, ban ɓoye ribata ba. Su suka kawo shawarar a fito da tsofaffin kekunan ƙafa da muka jingine, a koma dutsen guga na gawayi ga kayan da za su jure, a tara duk aikin wuya a yi shi a lokaci ɗaya in an tayar da inji. Da umarni na bayar, da an yi ana tsaki. Da yake daga bakinsu ta fito, su ke tsare ta, har sukan yi wa juna magana in wani ya bar fanka tana juyawa ba kowa.

Abinci a tire ɗaya muke ci, ni da ɗan koyon da ya zo jiya, kuma in an kira sallah kekuna tsayawa suke ko aikin wa ke kai.

Abin da har yanzu muke fama da shi goman ƙarshe ne na azumi. Wasu suna son zuwa tahajjudi, aiki kuma a lokacin ya fi yawa, mai azumin da bai yi barci ba kuwa shi ke yanka ba daidai ba. Bana mun raba kanmu gida biyu, wasu daga asuba zuwa la'asar, wasu daga bayan tarawihi zuwa tsakar dare, kuma mun hana yanka da dare gaba ɗaya. An samu sauƙi, sai dai masu aikin dare sun ce zafin rana ba ya barin su rama barci. Mun ajiye maganar sai mun zauna kafin aikin Sallar Gani na mutanen Daura ya fara shigowa.